Ba kuɗi ba gani, ba gani ba kuɗi: shari'ar riƙon wasu yara biyu a Bauchi

Shekara 11 suka yi da aure a nan cikin garin Bauchi kafin igiya ta uku ta tsinke, 'ya'yansu biyu, mace ce babba tana da shekara 9 a lokacin, ƙaninta kuma 4. Mijin ɗan hatsi ne, yana da rumfa a kasuwar Muda Lawal kuma kusan duk sati sai ya leƙa Gombe sarin wake da masara, ita kuma ɗinki take yi a gida. Suna kam ba zan faɗa ba, unguwa ma haka, saboda yaran nan suna girma kuma wata rana za su iya cin karo da abin da aka rubuta akansu. Ina cikin waɗanda mai unguwa ke kira in za a zauna sulhu, ta nan na san maganar tun daga tushe, kuma na halarci zaman kotun duka biyun.

Abin da ya raba su kowa da nasa labarin, tun kafin sakin ma zaman doya da manja ake yi. Ranar da ya miƙa mata takarda ta kwashi yaran ta wuce gidan iyayenta. Iddarta na cika, wata Laraba da yamma ya je islamiyya yace wa malamin shi ne ubansu ya zo ɗaukarsu, malami kuwa ba shi da hujjar hana uba 'ya'yansa. Har bayan isha'i uwar na yawo gida-gida tana tambaya, an kai cigiya masallaci an faɗa a lasifika, sai wajen goma na dare ya turo saƙo a waya wai 'ya'yansa suna hannunsa kar kowa ya wahalar da kansa. A lokacin ya riga ya yi amarya, ita aka miƙa wa yaran.

Mun zauna dashi a zauren mai unguwa. Maganarsa ɗaya ce kuma bai sauka daga kanta ba: "Ranka ya daɗe ni na yanka musu rago, sunana suke amsawa, an yaye su tuntuni, ba za a raina min 'ya'ya a gidan wani ba." Kuma gaskiya ba shi kaɗai ke wannan tunanin ba, dattijan gidansu duk haka suka gani, domin haka muka taso muka tarar, da zarar an yaye yaro sai ace ya koma gidan ubansa, in uwa tayi magana ace ta cika rigima. Mata da yawa a garin nan sun haƙura da 'ya'yansu ne kawai don ba su san suna da haƙƙi ba, wasu kuma sun sani amma iyayensu suka ce kai ƙarar uban 'ya'yanki abin kunya ne. Ita wannan mahaifinta ya rasu, yayanta ne ya tsaya mata, shi ya raka ta ta shigar da ƙara a kotun shari'ar Musulunci, aka kai wa tsohon mijin sammaci a rumfa.

Kotunanmu fiƙihun Malikiyya suke bi, kuma hukuncin hadana, wato riƙon yara, a ciki a bayyane yake, duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta kansa. Bayan saki uwa ce ke da riƙo, namiji har ya balaga, mace har tayi aure mijin ya tare da ita. Babu maganar yaye ko shekara 7 a ciki. Asalin abin hadisin nan ne da Abu Dawud ya ruwaito, na matar da ta zo wajen Annabi (SAW) tace ɗan nan cikinta ne ya ɗauke shi, nononta ya shayar dashi, cinyarta ta rene shi, ga ubansa ya sake ta yana so ya ƙwace shi, Annabi yace ita ta fi cancanta dashi matuƙar ba tayi aure ba. Uba kuma shi ne waliyyi, ci da sha da sutura da magani da karatu duk a wuyansa suke ko yaran ba a gidansa suke kwana ba. Irin wannan shari'ar in mutum bai gamsu ba yana iya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun shari'a, daga nan zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba hurumin sauraron maganar aure da riƙon yara na Musulmi. Masu auren rajista su babbar kotun jiha suke zuwa a ƙarƙashin dokar aure ta 1970, can ma maslahar yaro ake sa wa a gaba.

A kotu ya kawo zarge-zarge, wai ba ta da tarbiyya, wai tana barin yara ta tafi kai ɗinki, har ya kunna wani rikodin a waya inda take zaginsa. Alƙali yace zagi tsakanin mata da miji ba ya zubar da hadana, in yana da shaidu biyu adalai akan cewa ba ta da amana ko tana cutar da yaran ya kawo. An ɗage zama aka ba shi lokaci, bai kawo kowa ba sai ƙaninsa. Aka yi i'izari, wato aka tambayi kowa ko yana da sauran hujja, aka yanke hukunci: a mayar wa uwa yaranta, uba ya riƙa bada naira 20,000 duk wata, kuma yana da damar ganin 'ya'yansa duk lokacin da yake so.

Ranar an yi murna a gidansu, ni ma na ɗauka an gama. Amma wannan jimlar ta ƙarshe, duk lokacin da yake so, ita ta zama filin dagar shekara ɗaya da rabi. Ga mutanen da suka rabu da mutunci jimla ce mai kyau, uba ya kira yace zan zo da la'asar, ace sai ka zo. Waɗannan kuwa ko sallama ba sa amsa wa juna. Sai ya tashi rufe rumfa ƙarfe tara na dare ya zo ƙofar gida yana ƙwanƙwasawa, ace masa sun yi barci, ya tsaya a layi yana ɗaga murya wai ana taka hukuncin kotu. Ita kuma, don kar ace na goyi bayan gefe ɗaya, ba kanwar lasa ba ce, in ta ji ƙishin-ƙishin zai zo ranar Asabar sai ta tura yaran gidan ƙanwarta a Yelwa tun da safe. Wata na uku ya tsayar da kuɗi yace ba zai ciyar da 'ya'yan da ba ya gani ba. Tace to wanda bai ciyar ba ba zai gani ba. Shikenan magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, kowa na jiran ɗan uwansa ya fara sauka. Hukuncin bai faɗi wa zai biya kuɗin makaranta ba, shi yace yana cikin dubu ashirin ɗin, ita tace ko kusa, aka koro yarinyar gida ana saura sati biyu jarabawa. Ga shi kotu ta ƙayyade kuɗin ne tun kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023, bayan nan ko ya bayar ma ba ya kai su tsakiyar wata.

Abu biyu na gani da idona waɗanda har yau ba su bar raina ba. In an samu an lallaɓa an kai su gidan uban, a zaure ake tsayar dasu a cire musu kayan da suka zo dasu a ƙulle a leda, a sa musu na gidan, wai ba a san me aka turara musu ba. In sun dawo nan ma a cire na can, wai kayan kishiya ba za su shigo ɗaki ba. Yarinya mai shekara 9 tana tuɓe riga a zaure tana kare ƙirjinta da hannu, mutane na wucewa. Shi kuma ƙaramin an ja masa kunne kar ya ci abincin amaryar babansa, sai ya wuni da yunwa tun safe, in an matsa masa ya fashe da kuka, uban kuma ya ɗauka raini ne aka koya masa ya zare masa ido. Yaron da ya daina fitsarin kwance tun yana shekara 3 ya dawo yana yi.

Babbar ita ta zama 'yar aike. "Ki faɗa wa uwarki ba sisin da zan ƙara bayarwa." "Ki gaya wa ubanki Allah ya isa." Malamarsu ta boko ce ta fara lura yarinyar ta daina magana a aji, tace mana da ta matsa mata da tambaya sai tace ita tana canza saƙon a hanya ne, in Abba ya faɗi mai zafi sai ta ce wa Umma yana gaishe ta kuma kasuwa ce ba ciniki. Yarinya ƙarama tana ɗauke da aikin da mu manya muka kasa. Allah ya faɗa a Baƙara aya ta 233 kar a cutar da uwa da ɗanta kar kuma a cutar da uba da ɗansa, mun karanta musu ita a zaman sulhu ba sau ɗaya ba, kowannensu rabin da ya shafe shi kawai yake ji.

Ana cikin haka ta samu miji, wani ma'aikaci mai mata ɗaya, aka ɗaura aure ta tare. Ko sati biyu ba a yi ba tsohon mijin ya koma kotu, wannan karon da lauya, da hujja biyu. Ta farko tunda tayi aure haƙƙinta ya faɗi a ba shi 'ya'yansa. Ta biyu shi zai ma tashi daga Bauchi gaba ɗaya ya koma Gombe da zama, kuma waliyyi in zai ƙaura yana da ikon tafiya da yaransa. An riga an yi wa alƙalin farko canjin wajen aiki, wani ne ya saurara, dattijo mai sanyin magana wanda ba ya gaggawa.

Hujjar farko rabinta gaskiya ce. Uwa in ta auri wanda ba muharramin yaran ba kuma ya tare da ita, riƙonta ya faɗi, sai dai in wanda ke bin ta a layi ya sani ya yi shiru har shekara. Inda mutane ke kuskure shi ne ɗaukar cewa daga uwa sai uba. A Malikiyya daga uwa sai kaka ta wajen uwa, sai 'yar uwar uwa, dangin uwa mata suna gaba, uba yana can baya a layin. Ko Sayyidina Umar an yi masa wannan hukuncin, yana cikin Muwaɗɗa: ya ga ɗansa Asim yana wasa a Ƙuba ya ɗora shi akan dabbarsa, kakar yaron ta wajen uwa ta biyo shi suka je gaban Sayyidina Abubakar, yace ya bar mata shi, Umar bai ƙara cewa komai ba. Alƙali ya sa aka kira kakar, ya tambaye ta lafiyarta, da wa take zaune, ɗaki nawa ne a gidan, sannan ya tabbatar uwar ba a gidan take kwana ba, domin sharaɗi ne kaka ta kasance ba gida ɗaya take da uwar da riƙonta ya faɗi ba. Hajiya tace "Allah gafarta Malam a hannuna aka yanke musu cibiya, in dai da raina ba za su wulaƙanta ba."

Hujja ta biyu ita ta ba mu tsoro, don tana da tushe. Malamai sun ce waliyyi in zai yi tafiyar ƙaura mai nisan baridi 6, wato mil 72, yana iya karɓar yaro ya tafi dashi in mai riƙon ba za ta bi shi ba, kuma daga Bauchi ta Dindima da Alkaleri zuwa Gombe ya kai wajen kilomita 150, nisan ya cika. Amma sai in tafiyar ta zama ce ta dindindin, tafiyar fatauci ba ta shiga ciki, kuma sai ya rantse akan haka. Alƙalin ya bi shi a hankali. A wace unguwa ka kama gida a Gombe? Yace yana kan nema. Iyalinka tana ina yanzu? Tana Bauchi. Rumfarka ta Muda Lawal ka sayar ko ka bada haya? Yana nan tukuna. Wace makaranta ka nema wa yaran a can? Shiru. Sai yace to ga Alƙur'ani, kayi alwala ka rantse cewa ƙaura za kayi ba sari za ka je ka dawo ba. Mutumin nan duk taurin kansa yana tsoron Allah, ya daɗe a tsaye kansa a ƙasa, ƙarshe yace ba zai rantse ba. A wurina wannan ita ce ranar da ya fi yi wa 'ya'yansa adalci.

Da alƙalin ya tsaya nan yace riƙo na kaka ne a tashi, da an koma gidan jiya, sai dai wannan karon da tsohuwa za a riƙa yin rigimar. Bai tsaya ba. Ya fitar da kowa ya zauna da yarinyar a ofishinsa tare da wata ma'aikaciyar kotu, bai tambaye ta wa take so ba, mu a mazhabarmu ba a ba yaro zaɓi kamar yadda Shafi'iyya ke yi, kuma ni ina ganin rahama ce, don ɗora wa yaro zaɓi tsakanin uwa da uba nauyi ne da zai daɗe yana binsa. Ya dai tambaye ta yadda ake kai su da yadda ake dawo dasu. Daga nan ya ɗage zama sati biyu, yace yayan uwar da yayan uban da mai unguwa su zauna su kawo masa amsar tambayoyin da ya rubuta a takarda, wace rana, ƙarfe nawa, a ina, wa zai kai, wa zai ɗauko, in an saɓa me za a yi. Abin da aka daidaita akai ya shigar dashi cikin hukunci, inda aka kasa ya yanke da kansa.

Yaran suna wurin kaka. Sati ɗaya baffansu zai ɗauke su ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya dawo dasu Lahadi kafin magariba, satin da ke biye kuma uwar ce za ta zo gidan mahaifiyarta ta wuni dasu. Maganar kwana a gidan uba da yardar kaka aka sa ta, don asalin hukuncin yaro ya je wa ubansa da rana ya dawo ya kwana wurin mai riƙo, amma Hajiya tace gara su saba da gidan ubansu da 'yan uwansu. Uba ba zai zo ƙofar gidan ba, uwa ba za ta je tasa ba, duk wata magana ta bi ta tsakanin yayyen nan biyu, kuma an rubuta ƙarara ba a aiken yara da saƙo. Kuɗin ciyarwa ya koma naira 35,000, ta akawun ɗin kaka kafin 5 ga wata don alat ya zama shaida, kuɗin makaranta kuma uba ya biya kai tsaye a makarantar ya aika da rasit. Ƙaramar salla a gida ɗaya babba a ɗayan, baɗi a juya. Ba mai fita dasu daga garin Bauchi sai ya sanar da ɗayan ɓangaren. Har maganar kaya sai da ya sa, abin da yaro ya sa a jikinsa nasa ne, dashi zai je dashi zai dawo. Sannan ya raba abu biyun nan da suka ɗaure wa juna wuya, yace rashin biyan kuɗi ba ya halatta hana gani, hana gani ba ya halatta riƙe kuɗi, wanda aka saɓa wa ya dawo kotu.

Lauyan uban ya so ya ce wannan shiga sharo ba shanu ne, wai kotu ba ta da aikin tsara wa mutum ranar ganin 'ya'yansa. Ni kam ban yarda dashi ba. Alƙalin farko bai yi kuskure a fiƙihu ba, ya ba mai haƙƙi haƙƙinta, amma ya yi hukuncin kamar mutanen da ke gabansa za su iya zama su daidaita sauran da kansu, alhali da za su iya da ba su zo gabansa ba. Duk abin da hukunci ya bari a buɗe tsakanin masu irin wannan gaba, akan yaran za a warware shi. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ma da abin da ta fara kenan a sashenta na 1, maslahar yaro a gaba da komai, kuma malamanmu sun riga sun faɗi haka tun da daɗewa da suka sa sharuɗɗan amana da lafiya da tsaron wuri akan mai riƙo.

Ba wai komai ya gyaru ba fa. Uwar ta fi kowa asara, tayi kuka sosai a harabar kotu, mijinta ya yarda ya riƙe su a matsayin agola amma shari'a ba ta ba ta ba, yanzu tana ganin 'ya'yanta sau biyu a wata tana gari ɗaya dasu, kuma na san mata da yawa da suka ƙi aure suka zauna zawarci shekara da shekaru saboda tsoron wannan. Uban ya makara da kuɗi har sau biyu, sai da yayansa ya biya daga aljihunsa don kar a koma kotu. Babu wani jami'i da ke zuwa ya duba ko ana bin hukuncin, da ba don baffan nan mutumin kirki ba ne da tuni takardar ta zama ta naɗe ƙosai. Akwai kuma abu biyu da nake ganin an bari, ba a ce a riƙa duba kuɗin duk shekara ba ga tsadar kaya kullum gaba take yi, sannan ba a faɗi wa zai karɓa ba in Hajiya ta kasa, ga ta da hawan jini da ciwon ƙafa.

Amma yaron yana cin abinci a gidan babansa yanzu, har amaryar ce ke yi masa wanka, fitsarin kwancen ma ya tsaya. Babbar ta koma makaranta ba a sake koro ta ba, tana magana a aji kaɗan-kaɗan, sai dai har yanzu in waya tayi ƙara a gidan takan tsaya cak ta saurara ko akanta ake magana.

Yanzu wata sabuwa ta taso. Yarinyar ta gama firamare, uban yana so ya kai ta makarantar kwana a wajen gari, yace karatu hurumin waliyyi ne kuma gaskiyarsa ne. Kakar tace makarantar kwana hanya ce ta zare mata yarinya daga hannu ba tare da hukunci ba, ita ma maganarta abin dubawa ce. Yayyen biyu sun zauna ba su daidaita ba, mai unguwa ya sa mana rana bayan salla, in nan ma ba a samu mafita ba baffan yace shi da kansa zai rubuta wa kotu a fassara musu hukuncin.